Daga kwali zuwa ƙuri'a: yadda muka riƙa bin dokar kuɗi a majalisar Yamai

A kwalaye dokar kuɗi take isowa. Ranar da aka buɗe zaman kasafi, ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ake sauke kundayen a majalisa, a raba wa kowane depite, wato ɗan majalisa, nasa: daftarin dokar kanta, takardar bayanin dalilai, hasashen tattalin arziki na shekara uku, sai kundin kowace ma'aikata mai nuna shirye-shiryenta da abin da take neman kashewa. In ka ɗora su kan juna a tebur, sai ka leƙa kafin ka ga wanda ke zaune gabanka. Na yi wannan aikin a matsayin mai taimaka wa wani ɗan majalisa daga jihar Tawa, wanda ke cikin kwamitin kuɗi da kasafi, tun majalisar da aka zaɓa a 2016 mai kujera 171 har wadda juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rushe. Saboda haka abin da zan faɗa, yadda aikin yake ne ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 da babbar dokar tsara kasafi ta 26 ga Maris 2012.

Kundin tsarin mulkin ya ba majalisa kwana 60 daga ranar da aka ajiye daftarin. In sun cika ba ta yanke ba, gwamnati na iya fara aiki da shi ta hanyar odonansi, wato dokar da gwamnati ke fitarwa da kanta, sannan a kira zama na musamman cikin kwana 15 don a tabbatar. In kuma gwamnati ce ta makara, Firaminista ke neman izinin ci gaba da karɓar haraji, da kashe kashi ɗaya cikin 12 na kasafin bara a kowane wata. Kwana 60 a baki yana da yawa. Amma cire makon farko da ake tsara jadawali, cire makon ƙarshe na babban zaure, cire kwanakin rubuta rahoto, za ka ga abin da ya rage wa karatu na gaske bai fi mako huɗu zuwa biyar ba.

Taron shugabanni ne ke raba aikin, wato shugaban majalisa da mataimakansa, da shugabannin rukunonin siyasa, da na kwamitoci. Kwamitocin dindindin bakwai ne, a farfajiya komisiyo muke ce musu. Na kuɗi shi ke riƙe da daftarin gaba ɗaya. Sauran shidan, na harkokin waje, na tsaro, na tattalin arziki da tsare-tsare, na raya karkara da muhalli, na zamantakewa da al'adu, da na harkokin hukumomi, kowanne ya duba ma'aikatun da ke ƙarƙashinsa ya aiko da ra'ayi. Ra'ayi ne kawai. Kwamitin kuɗi na iya ɗauka, yana iya ajiyewa.

Sabon depite kusan kullum wuri ɗaya yake fara buɗewa: shafukan ayyuka, yana neman sunan Kwanni, Madawa, Illela, Keita ko Buza. Ba laifi, can aka aiko shi. Sai dai ba nan ake farawa ba. Dokar kashi biyu ce. Kashin farko kuɗin shiga ne da ma'auni tsakanin shiga da fita, na biyu kuma rabon kuɗi ga shirye-shirye, kuma ba a taɓa na biyu a zaure sai an gama da na farko. Cikin kashin farkon nan ne ayoyin haraji suke, kuma su ne ke shiga aljihun mutane tun 1 ga Janairu, ko an gina asibitin da aka rubuta ko ba a gina ba.

Wanda ya ga dokar kuɗi ta 2018 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Kasafi ne na wajen miliyar 1,900 na sefa (miliyar ɗaya miliyan dubu ce), Hassoumi Massaoudou ne ministan kuɗi a lokacin. Ba yawan kuɗin ne ya fito da mutane kan titi ba, ƴan ayoyi ne: harajin mazauni da aka ɗaura wa mai na'urar awon wutar lantarki, batun harajin gado, da kuma soke harajin kiran waya da ke shigowa daga ƙetare, wanda ƙungiyoyin fararen hula suka ce kyauta ce aka yi wa kamfanonin sadarwa. Ranar 29 ga Oktoba 2017 zanga-zangar Yamai ta rikiɗe a kusa da majalisa. An amince da dokar a ƙarshen Nuwamba, jerin gwano ya ci gaba, a watan Maris 2018 aka kama Moussa Tchangari, Ali Idrissa da Nouhou Arzika. Harajin kiran waya kuwa an dawo da shi a dokar 2019.

Ga yadda ake karanta irin waɗannan ayoyi. Daftarin ba ya nuna maka abin da ya canja. Cewa yake yi an gyara aya kaza ta kundin haraji kamar haka, sai ya kawo sabon rubutun kurum. Kai ne za ka ɗauko tsohon kundin ka ajiye gefe. Mukan ja layi uku a takarda: tsohon rubutu, sabon rubutu, da wanda zai biya da nawa zai biya. Aiki ne mai cin ido, kwana uku ko huɗu, amma nan ake kamun. Wani lokaci kalma ɗaya ce ta sauya, "da" ta koma "ko", sai sharuɗɗa biyu da dole su haɗu kafin a biya haraji su zama kowanne shi kaɗai ya isa. Wani lokaci ba a taɓa adadin harajin ba, iyakar cinikin da ke raba ƙaramin ɗan kasuwa mai biyan lanho na dunƙule da babba mai riƙe littafin lissafi aka matsar. Minista zai iya rantsuwa cewa bai ƙara ko dala ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma dubban masu shaguna sun tsallaka layi.

Daga nan sai sauraro. Ministan kuɗi ke farawa, sannan hukumomi uku masu tara kuɗi: ta haraji, ta duwan da baitulmali. Wasu shekarun a kan saurari wakilan ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago. Tambayar da ta fi kowace amfani gajera ce, lamba uku take nema: nawa aka yi hasashe bara, nawa aka tara zuwa ƙarshen Yuni ko Agusta, nawa ake hasashe baɗi. A ce an tara 80 cikin 100 na abin da ya kamata a lokacin, amma hasashen baɗi ya ƙaru da 15 cikin 100, to dole wani ya faɗi daga ina ƙarin zai fito. In amsar ita ce "za mu ƙarfafa tarawa", ba amsa ba ce. A nemi matakin, a nemi adadin da ake sa ran kowane mataki zai kawo, a rubuce. Dalilin naci a nan shi ne, kuɗin shiga da aka kumbura a takarda ba ya cutar da albashi ko biyan bashi. Ayyukan gini ne ke biyan kuɗin ƙaryar a tsakiyar shekara.

Kasafin 2020 ya koya mana wannan da kyau. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Wani kaso na kuɗin duwan ɗinmu daga kayan da ke ratsawa yake fitowa, kayan da ake saukewa a Kwatano, su shigo ta Gaya, a biya harajin sake fitarwa, su nufi Najeriya ta Kwanni ko ta Maraɗi. Muna zaune kan daftarin, motoci na jere a bakin iyaka. Duk wanda ya karɓi hasashen duwan na wannan shekarar ba tare da ya tambayi wane wata aka ɗauka iyakar za ta buɗe ba, bai karanta komai ba.

A nan ne ciniki ke shigowa, kuma a nan ne depite ke gane hannunsa gajere ne. Kuɗin fito na kayan da suka fito daga wajen yankin Afirka ta Yamma ba a Yamai ake yanka shi ba. Tun Janairu 2015 jadawalin bai ɗaya na CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yankin, ke aiki, mai mataki biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Ɗauki kaya na miliyan ɗaya, ƙimarsa da kuɗin dako da inshora, a mataki na 20. Fito jika 200 (jika ɗaya sefa 1,000 ce). Kuɗin ƙididdiga 1 cikin 100, jika 10. Kason UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da sefa, 0.8 cikin 100, jika 8. Kason CEDEAO a lokacin 0.5, jika 5. Sai TVA, harajin da ake ɗora wa farashin kaya, 19 cikin 100, wadda ba a kan miliyan ɗin kawai ake lissafa ta ba, har da fiton da aka ɗora masa, wajen jika 228. Jimla ta haura jika 450 tun ba a zo ga ƙananan caji ba. Cikin wannan duka, abin da majalisa ke da ta cewa a kai shi ne harajin cikin gida: wane kaya za a yafe wa TVA, wane kaya za a ɗora wa haraji na musamman kamar taba, da yafiyar da ake ba kamfanoni. Ita ma TVA ɗin akwai iyakokin da UEMOA ta gindaya. Yafiyar kamfanonin nan ita ce ramin da ya fi zurfi, kuma akwai rahoton da ya kamata ya nuna nawa baitulmali ke rasawa ta nan. A nema shi da suna.

Wata asuba wani dattijo mai fataucin albasa daga wajen Galmi ya iske mu a zauren gidan Honorabul, wato ɗan majalisar da nake taimaka wa, da rasiɗai cikin leda. Bayan gaisuwa ya baje su kan tabarma.

"Ranka shi daɗe, ku ne kunka sa hannu ga takardar cewa kayan gona su wuce ba fito. To mi ya sa daga nan zuwa Akara nike tsayawa ina biya?"

Honorabul ya miƙo mini rasiɗan. Muka ware su kashi uku: masu hatimin baitulmali, masu hatimin gundumomi, da kuɗin da Alhaji ya rubuta da hannunsa a bayan takarda saboda ba a ba shi rasiɗi ba. Kashi na uku ya fi yawa. Honorabul ya ce, "Alhaji, na farkon nan ina iya tada shi a komisiyo. Na biyu maganar magajin gari ce. Na ukun ba ya cikin kowace doka, shi ya sa ba ni da ayar da zan gyara." Abin da aka iya yi shi ne rubutacciyar tambaya ga ministan da abin ya shafa, da kwanan wata da wurin kowace tsayawa. Alhaji ya yi gaskiya a kan ƙa'ida: amfanin gona na cikin yankin ba ya biyan fito.

Yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka ma haka ta zo. An sa mata hannu a Kigali ranar 21 ga Maris 2018, Nijar na cikin ƙasashen farko da suka tabbatar da ita, ta fara aiki a hukumance ranar 30 ga Mayu 2019, aka ƙaddamar da ita a taron Yamai na 7 ga Yuli 2019. Ainihin naman yana cikin jerin kaya: 90 cikin 100 za a sauke musu fito a hankali, 7 masu laushi a jinkirta, 3 a ware. Wane kaya ya shiga wane rukuni, wannan a teburin masana na yankin aka tattauna shi, ba a zaurenmu ba.

Mu koma ga kashewa. Babi biyar ne: nauyin bashi, albashi, sayen kaya da hidimomi, tallafi da tura kuɗi, sai zuba jari. Tun 2018 da aka koma kasafin shirye-shirye, kowace ma'aikata ta kasa aikinta shiri-shiri, kowane shiri da manufa da ma'aunin da za a auna shi. A babin zuba jari layi biyu ne gaban kowane aiki, kuma nan mutane ke ruɗewa. Na farko izinin ƙulla kwangila ne, na biyu kuɗin da za a iya biya a cikin shekarar. Hanya na iya samun izinin miliyar 10, kuɗin biya miliyar 1. Depite ya tafi rediyo ya ce ya samo wa yankinsa miliyar 10, shekara ta ƙare ba a ga ko tifa ba, mutane su ce ya ci. A duba kuma layin da ke nuna asalin kuɗin: na baitulmali ne, na bashi ne, ko kyauta ce daga waje. Aikin da ke kan kuɗin waje yana jiran sharuɗɗan mai bayarwa, na baitulmali kuma shi ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci.

Gyara yana da ƙa'ida mai tsauri. Kundin tsarin mulki ya ce ba a karɓar gyaran depite in zai rage kuɗin shiga ko ya ƙara wa gwamnati nauyi, sai ya zo da inda za a samu daidai wannan kuɗin, ta ƙarin shiga ko ta tsimi. Na ga gyara mai kyau ya mutu cikin minti biyu saboda haka. An nemi a ƙara kuɗin gina azuzuwa na bulo don maye na zana, magana ce da ba wanda zai ƙi, balle bayan gobarar Afrilu 2021 da ta cinye yara a wata makaranta a Yamai. Amma takardar layi ɗaya ce: a ƙara kaza. Shugaban zama ya tambaya daga ina, aka yi shiru, aka wuce. Gyaran da ke tsira yana da sassa huɗu: shirin da za a rage da lambarsa da babinsa, adadin, shirin da za a ƙara wa, da dalili a rubuce. Kar a taɓa albashi ko bashi, ba za a saurare ka ba. A nemi tsimi a babi na uku, tafiye-tafiye, tarurruka, man mota. Kuma, wannan ba ya cikin kowane littafi, a nuna wa mutanen ministan kuɗi tun da rana. Gyaran da gwamnati ta yarda ta ɗauka a matsayin nata yana wucewa lami lafiya. Wanda aka fito da shi bagatatan da dare, masu rinjaye kan kada shi ko da sun san daidai ne. Mai son sunansa ya fito a rediyo da mai son a gina ajin ba hanya ɗaya suke bi ba.

Babin farko, na bashi, ba a muhawara a kansa a watan Oktoba, don an riga an gama da shi tun watannin baya, a wasu zaman da ba kowa ke kula da su ba. Kundin tsarin mulki ya ce yarjejeniyar da ta ɗora wa baitulmali nauyi, ko ta shafi tsaro da zaman lafiya, ko ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, ko ta canja dokokin cikin gida, ba a tabbatar da ita sai da dokar majalisa. Kwamitin harkokin waje ke riƙe da irin wannan daftari, namu na kuɗi ya ba da ra'ayi. Dokar kanta aya biyu ce: an ba da izinin tabbatar da yarjejeniya kaza da aka sa wa hannu ranar kaza, sai ayar bugawa a jaridar gwamnati. Ba a gyara ko waƙafi a cikin yarjejeniyar. Ko e, ko a'a, ko a ɗage. Shi ya sa a rana ɗaya ake iya wuce da biyar ko shida.

To me ake dubawa, tunda ba a gyarawa? Adadi da kuɗin ruwa kowa na gani. Abin da ke ɓuya shi ne sauran. Da wane kuɗi aka ci bashin: in yuro ne hankali kwance, don yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. In dalar Amurka ce, abin da za a biya na iya kumbura ba tare da an ƙara komai ba. Shekara nawa ne lamunin kafin a fara biya, shekara nawa ne duka. Bashin reshen Bankin Duniya mai ba ƙasashe matalauta a wancan lokacin shekara 38 ne, da lamunin shekara 6 da kuɗin hidima 0.75 cikin 100. Takardun bashi da baitulmali ke sayarwa a kasuwar yankin kuwa ƴan shekaru ne, da ruwa wajen 6 cikin 100. Miliyar ɗaya a nan da miliyar ɗaya a can ba nauyinsu ɗaya ba. Sai kuɗin ajiye alkawari, wanda ake biya kan abin da ba a ciro ba tukuna: a ce miliyar 20 na zaune a 0.5 cikin 100, miliyan 100 ke nan a shekara, ba a haƙa ko rijiya ɗaya ba. Sai wa'adin fara aiki, galibi kwana 90 ko 120 daga sa hannu, wanda shi ne dalilin da ake kawo mana takardun da gudu. Na ƙarshe, kuma shi ya fi kashe ayyuka, kason gida: abin da Nijar ta yi alkawarin zubawa, sau da yawa diyyar masu gonaki da gidaje. In yarjejeniyar ta ce akwai kason gida, a rubuta adadin a ajiye, in Oktoba ta zo a neme shi cikin kundin ma'aikatar. In babu shi, aikin zai tsaya, kuɗin ajiye alkawari kuwa ba zai tsaya ba.

Akwai kuma wata ƙofa. Dab da rufe kowane zama gwamnati kan nemi dokar ba da izini, don ta tabbatar da yarjejeniyoyin bashi ta odonansi lokacin da majalisa ke hutu. Ana neman ra'ayin kotun tsarin mulki, odonansin ya fara aiki da an buga shi, sannan a kawo wa majalisa daftarin tabbatarwa kafin ranar da aka ƙayyade, in ba haka ba ya faɗi. Hujjar gwamnati tana da ƙarfi, wa'adin masu ba da bashi ba ya jiran hutunmu. Amma lokacin da takardar za ta dawo, wani lokaci har an fara cire kuɗin, ƙin amincewa ya zama ihu bayan hari. Wurin da depite ke da ƙarfi shi ne ranar ba da izinin: ya nace a lissafo fannonin da masu ba da bashin a cikin dokar, kar a bar ta a buɗe.

Harkar waje da ba ta kuɗi ba, ba kullum take zuwa a siffar yarjejeniya ba. Ranar 22 ga Afrilu 2022, batun karɓar sojojin ƙasashen waje da ke ficewa daga Mali ya zo ne a matsayin gyaran jawabin manufofin gwamnati, Firaminista Ouhoumoudou Mahamadou ya ɗora alhakin gwamnatinsa a kai. An kada ƙuri'a 131 da 31. Ƴan adawa sun ce su yarjejeniyoyin suke so su gani. Ta fuskar aiki bambancin babba ne: yarjejeniya tana shiga kwamiti a karanta ta aya-aya, jawabin manufofi kuwa ƙuri'ar yarda ce da gwamnati gaba ɗaya.

Babban zaure ba shi da wani sirri. Mai rahoton kwamitin kuɗi ya karanta rahoto na sa'o'i, a buɗe jerin masu magana, kowane rukuni da lokacinsa, wasu da Faransanci, wasu da Hausa ko Zabarmanci, minista ya amsa. A kada ƙuri'a kan kuɗin shiga a dunƙule, sannan rabon kuɗin, sannan dokar gaba ɗaya. Abin da za a canja an riga an canja shi a kwamiti. Shugaban ƙasa na da kwana 15 ya sa hannu, kwana 5 in majalisa ta ce gaggawa ce. Abu ɗaya da ke da wuya a wannan ranar shi ne bayani ga mutanen gida, masu lissafi da dala da jika. Miliyar ɗaya jika miliyan ɗaya ce. Na sha ganin an fassara miliyar da miliyan a rediyo, kasafi ya ragu sau dubu a kunnen mai sauraro.

Ƙuri'a izini ce, ba kuɗi ba ce. Ministan kuɗi ke sakin kason ma'aikatu wata uku-uku, gwargwadon abin da ya shigo, kuma doka ta ba shi ikon riƙewa. Ana iya matsar da kuɗi tsakanin shirye-shirye ba tare da an dawo majalisa ba, muddin bai haura 10 cikin 100 na abin da aka ware wa shirin ba. Abin da ya wuce haka sai dokar gyaran kasafi. Shekarar 2023 ta nuna nawa ne na wannan izini ke rataye a waje: majalisa ta amince da wajen miliyar 3,291, bayan juyin mulki da takunkumin CEDEAO da dakatar da tallafi, sabbin hukumomi suka rage shi zuwa wajen miliyar 1,981 a watan Oktoba, kusan kashi 40 cikin 100. Tun daga nan da odonansi ake fitar da dokar kuɗi, Majalisar tuntuɓa da aka girka a 2025 shawara take bayarwa. Ficewa daga CEDEAO ta tabbata a Janairu 2025, kuma a lissafin duwan da na yi a sama, kason 0.5 na AES, ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso, ya shigo. Fasalin takardar kuwa bai canja ba, don Nijar na nan cikin UEMOA: kashi biyu, babi biyar, layi biyu gaban kowane aiki.

Takarda ta ƙarshe ita ce dokar rufe lissafi. Bisa ƙa'ida, ta shekarar da ta wuce ya kamata ta iso ranar buɗe zaman kasafi, tare da rahoton kotun binciken kuɗi, don a san abin da aka yi da na bara kafin a ba da na baɗi. In ta makara da shekara biyu ko uku, ministocin da suka kashe kuɗin sun tafi, amfaninta ya ragu da rabi. Duk da haka ita kaɗai ke ajiye lamba huɗu a jere gaban kowane shiri: abin da aka kada wa ƙuri'a, abin da ya zama bayan gyare-gyare, abin da aka ƙulla, da abin da aka biya. Mukan ɗauki layuka goma kacal da muka bi tun Oktobar shekararsu, na azuzuwa, na kason gida na wani bashi, na wata hanya a jihar Tawa, mu cike lambobin huɗu da fensir. Inda ta huɗu ta yi nisa da ta farko, nan ake rubuta tambayar da za a aika wa minista, da lambar shirin da shafin da aka samo ta.